Mika'ilu na Konai, Makiyayin Atina

Mu mutanen bakin kogin Hadejiya mun san dalma, gama masunta su kan ɗaura ta a bakin taru domin ya nutse cikin ruwa. Mun kuma san hatimi, gama takardar da ta fito daga fada ba a karɓarta hannu biyu sai an ga hatimin sarki a kanta. A daular Rum ta gabas, wadda babban birninta Kustantiniya ne, watau Istambul ta yau a ƙasar Turkiyya, an gama abin nan biyu wuri ɗaya, da dalma su ke yin hatimi. Sarki da hakimai da alƙalai da shugabannin ekklesiya, kowa da nasa. Takardun da aka rataya wa hatiman nan kusan duka sun ruɓe ko sun ƙone, amma dalma ba ta saurin ruɓewa. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka rage har yau sun kai wajen 80,000. Kimanin 17,000 daga cikinsu suna ajiye a wani gidan bincike da a ke kira Dumbarton Oaks, a birnin Washington na Amurka.

A cikin hatiman da aka samu akwai na wani bawan Allah mai suna Mika'ilu, wanda ya zama babban bishop na Atina a shekara ta 1182. Labarinsa za mu ba ku a wannan wata, domin shi mutum ne wanda aka aika garin da bai yi tsammani ba, ya sha wuya a cikinsa, aka kuma raba shi da shi ƙarfi da yaji, duk da haka bai yarda a kira shi makiyayin wani gari dabam ba har ya mutu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mika'ilu wajen shekara ta 1138 a wani gari mai suna Konai, a ƙasar Firijiya. Saboda haka a ke ce da shi Mika'ilu Koniyatis, watau mutumin Konai, kamar yadda mu kan ce Bahaɗeje ko Bakano. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san wurin nan ko da bai san sunan ba, gama Konai ita ce ta gāji Kolosi, inda Abafaras ya yi aikin bishara, inda kuma manzo Bulus ya aika da wasiƙa. Da Kolosi ta lalace, mutanenta suka koma gindin dutse kusa da nan, suka kafa Konai. Yau sunan garin Honaz.

A zamanin Mika'ilu Konai ta yi suna saboda wani babban ɗakin sujada da aka gina da sunan mala'ika Mika'ilu, mutane su kan zo ziyara daga nesa. Abin tunani ne, 'yan'uwa, gama mutanen wurin nan ne Bulus ya gargaɗe su game da yi wa mala'iku sujada, cikin Kolosiyawa sura 2. Gargaɗin manzo yana nan a rubuce cikin harshensu, amma al'ada ta yi ƙarfi.

Tun yana saurayi ubansa ya aike shi Kustantiniya neman ilimi. A can ya zauna a gaban wani shahararren malami mai suna Yustatiyos, wanda ya san littattafan Helenawa na dā ciki da waje, daga baya kuma ya zama babban bishop na Tasalonika. Mika'ilu ya ƙaunaci malamin nan kamar uba. Da ƙanensa Nikitas ya kai shekara tara, shi ma aka aiko shi birni, Mika'ilu ya riƙe shi, ya lura da karatunsa. Nikitas ɗin nan ya girma ya zama babban ma'aikaci a fada, ya kuma rubuta tarihin zamaninsu. Daga littafinsa ne, da kuma wasiƙun Mika'ilu kansa, muka san yawancin abin da ke cikin labarin nan.

Da Mika'ilu ya gama karatu, ya shiga aikin magatakarda a gidan Fatriyak, watau shugaban dukan ekklesiyoyin Rum. Aikin gidan nan rubuta wasiƙu ne da hukunce-hukunce zuwa ga bishop-bishop na ko'ina cikin daula, kowace takarda kuwa sai an rataya mata hatimi kafin ta fita.

Yadda A Ke Yin Hatimin

Da fari a kan narka dalma, a zuba ta cikin mazubi na dutse, ta fito ƙwaya-ƙwaya masu faɗi, yawancinsu ba su fi tsohon kwabo mai huji ba. Amma hujin hatimi ba a tsakiyar fuska ya ke ba, ya bi ta cikin kaurin dalmar ne daga gefe zuwa gefe. In an gama rubutu, sai a huda takarda, a zura kirtani, a bi da bakin kirtanin ta cikin hujin dalma. Sa'an nan a ɗauko wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera, wanda su ke kira bulotiriyon da Helenanci. A bakinsa biyu an sassaƙa zane da rubutu a juye. A sa dalma a tsakani, a buga da guduma. Bugu ɗaya ya kan yi aiki biyu: ya fito da rubutu gaba da baya, ya kuma matse kirtani a ciki, har ba mai iya buɗe takardar sai ya yanke kirtani ko ya fasa dalma. Sarki kaɗai ke rataya hatimin zinariya a manyan takardunsa. Ƙarafan bugun nan kaɗan ƙwarai suka rage, ana tsammani a kan lalatar da su in mai su ya mutu ko ya bar aiki, don kada wani ya yi ƙarya da sunansa.

A gaban hatimin bishop a kan sa gicciye, ko surar Maryamu uwar Ubangijinmu, ko ta wani tsarkaka wanda ekklesiyar garin ke girmamawa. A baya kuwa rubutu ne da Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Da ya ke wuri ƙanƙane ne, a kan gajarta kalmomi, a sa harafi biyu ko uku a madadin kalma guda. Rubutun da ya fi yawa addu'a ce ta neman taimako, mai hatimin yana roƙon Ubangiji, ko Maryamu, a taimaki bawa wane, bishop na gari kaza. A zamanin Mika'ilu an fi son a tsara rubutun kamar baitin waƙa mai gaɓa goma sha biyu.

Ku lura da kalmomin da su kan zaɓa. Akwai dulos, watau bawa, kalmar da Bulus ya kira kansa da ita a farkon wasiƙar Romawa. Akwai episkopos, watau mai kula, daga ita aka sami kalmar bishop. Akwai poimen, watau makiyayi. Waɗansu su kan ƙara da cewa su mafi ƙanƙanta ne, ko kuwa ta jinƙan Allah suka sami matsayin. A ƙarshe kuma sunan gari ya kan zo. Bishop ya kan buga hatimi da sunansa tare da sunan garken da aka danƙa masa.

Hatimin Mika'ilu yana ɗauke da surar Maryamu, wadda mutanen Atina ke kira da sunan garinsu, a ɗaya gefen kuma da sunansa da matsayinsa. A nan ba mu tare da shi, gama 1 Timoti sura 2 ta koya mana matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, shi ne Yesu Kristi. Amma zancen bawa da makiyayi da sunan gari, wannan Mika'ilu ya cika shi da ransa.

Zuwansa Atina

Da aka naɗa shi a 1182, Mika'ilu ya yi murna ƙwarai. Tun yana yaro ya ke karanta labarin Atina, birnin masu hikima, garin Sokratis da Aflatun, inda Bulus ya yi wa'azi a Tudun Arasa har Diyonisiyas da Damaris suka ba da gaskiya, kamar yadda ya ke cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Da ya sauka daga jirgi sai ya tarar da wani abu dabam. Ganuwa ta zube, gidaje da yawa sun zama kufai ana noma a cikinsu, mutane kaɗan ne, matalauta kuwa. Cikin wasiƙunsa ya yi kuka cewa ko maƙeri na kirki babu a garin. Ƙasar duwatsu ce, ruwan sama ya kan yi ƙaranci, hatsi ba ya isa. 'Yan fashin teku kuma sun yi sansani a tsibiran da ke kusa, irin su Ajina, su kan faɗo wa ƙauyukan gaɓa, su kwashi dukiya da mutane.

Abu ɗaya ya faranta masa rai. A tsakiyar Atina akwai wani babban dutse mai ganuwa, sunansa Akropolis. A bisansa akwai ginin nan mai suna Partenon, wanda aka gina tun fiye da shekara 400 kafin haihuwar Kristi domin gunkiyar garin. Masu bi na dā sun mai da shi ɗakin sujada, shi ne kuwa majami'ar Mika'ilu, gidansa ma a kan dutsen ya ke. A jikin ginshiƙan ginin an karce sunayen bishop-bishop da suka riga shi, da ranakun mutuwarsu, har yau ana iya karanta waɗansu.

A cikin ginin nan ya yi wa'azinsa na fari. Ya shirya shi da dukan gwanintar da ya koya a birni, da Helenanci irin na littattafan dā. Ya yabi kakannin mutanen, ya gargaɗe su su fi kakanninsu kirki, tun da ya ke su suna da hasken bishara. Jama'a suka tsaya shiru har ya gama. Daga baya ya gane ba su fahimci kome ba. Shi da kansa ya faɗa cikin wani wa'azi cewa sai ka ce da harshen Farisa ya yi musu magana. Abin ya ɓata masa rai, ya rubuta wa abokansa na birni yana gunaguni a kan jahilcin garin, yana tsoron kada shi ma ya zama baƙauye. Wannan rauninsa ne, ba za mu ɓoye ba, ilimi ya sa masa ɗan girman kai. Amma bai nemi a sāke masa gari ba. Ya zauna ya koyi irin maganar mutanen, ko da ya ke ta ɗauke shi shekaru, ya yi ta koya musu, musamman a kwanakin azumi.

A shekara ta 1185 mayaƙa daga tsibirin Sisili suka ci Tasalonika, suka yi kisa mai yawa. Tsohon malaminsa Yustatiyos yana da hanyar gudu tun kafin a kewaye birnin, amma ya zauna tare da jama'arsa, ya sha wulakanci tare da su. Mika'ilu ya ji labarin nan, ba da daɗewa ba kuwa irin wannan gwaji ya zo masa.

Bakin Talakawa

Masifar da ta fi fari da 'yan fashi ita ce ta masu karɓar haraji. A kwanakin nan daular Rum ta raunana, sarakuna suna ta kashe juna da makantar da juna, ana sayar da sarauta ga wanda ya fi biya, wanda ya saya kuwa sai ya fanshe kuɗinsa a kan talakawa. Dattawanmu da suka ga zamanin awon gonaki da ƙirgar shanu domin jangali za su gane abin da a ke nufi. Masu awo su kan zo su auna ƙasar Atina marar albarka da ƙididdiga mai tsanani. A kan karɓi kuɗin gina jiragen yaƙi domin korar 'yan fashi, a sāke karɓa, a kuma sāke, jiragen kuwa ba a gani ba. Akwai takardar sarki mai hatimin zinariya wadda ta hana hakimin lardi shiga Atina da rundunarsa, amma sai hakimi ya ce ya zo sujada ne a majami'a, ya shigo da jama'arsa, su ci abincin garin, su kwashi dabbobi, sai an ba shi kyauta kafin ya tashi. Manoma suka fara barin gonakinsu suna ƙaura.

Mutanen Atina ba su da wanda zai yi magana dominsu sai bishop. Mika'ilu ya yi ta rubuta wa manyan fada, waɗansunsu abokan karatunsa ne. In sabon hakimi ya iso, ya kan tarye shi da jawabi, ya yabe shi bisa ga al'adar zamanin, sa'an nan ya bayyana masa halin da gari ke ciki. Wani lokaci yabon ya kan yi yawa, har ya yabi waɗanda ba su cancanta ba. Wajen shekara ta 1198 ya rubuta takardar kuka zuwa ga Sarki Aleksiyos na Uku a madadin dukan mutanen garin, ya jera zaluncin nan ɗaya ɗaya, ya nuna wa sarki cewa in aka ci gaba haka, ba za a bar kowa a Atina da zai biya haraji ba. Takardar nan tana nan har yau, masu binciken tarihi kuwa suna dogara gare ta domin sanin zaman talakawan Rum a ƙarshen ƙarni na 12.

Ku tuna, wasiƙa daga Atina zuwa Kustantiniya ta kan yi kwanaki a teku, ta bi hannuwa da yawa. Ɗan guntun dalman nan shi ne shaida cewa maganar ta makiyayin Atina ce, ba a kuwa taɓa ta a hanya ba. Hatimin da waɗansu suka yi ta cin talakawa da shi, Mika'ilu ya mai da nasa bakin waɗanda ba su da baki.

Yaƙin Siguros

Da ikon sarki ya ƙara raunana, masu ƙarfi a larduna suka fara cin gashin kansu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Liyo Siguros, mai mulkin Nafpiliyo. Ya ci Argos, ya ci Korinti, ya kama babban bishop na Korinti, ya sa aka ƙwaƙule masa idanu, aka jefo shi daga kan dutse. Shi ma hatiminsa na dalma yana nan, da surar wani tsarkaka a kansa. Wannan ya nuna mana abin da ke kan hatimi ba kullum ne ya ke cikin zuciya ba.

Wajen shekara ta 1204 Siguros ya zo wa Atina da yaƙi. Babu hakimi, babu rundunar sarki. Mutane suka gudu suka hau Akropolis wurin bishop. Mika'ilu ya san abin da ya sami ɗan'uwansa na Korinti, duk da haka ya yi magana da Siguros, gama ya san shi tun dā. Ya tuna masa shi Kirista ne, waɗanda ya zo yaƙa kuma 'yan'uwansa ne, ba su yi masa laifin kome ba. Siguros ya nemi a miƙa masa wani saurayi da ke cikin garin domin ya kashe shi. Nikitas ya ba da labari cewa saurayin nan fitinanne ne, ya sha ƙulla wa Mika'ilu kansa sharri. Da wani ne, da ya ce Allah ya kawo masa sauƙi, ya rabu da maƙiyi, ya kuma ceci gari da rai guda. Mika'ilu ya ƙi. Wanda ya nemi mafaka a ekklesiya ba za a ba da shi ga mai kisa ba, ko shi wane ne.

Da magana ta ƙare, sai dattijon nan mai shekara sittin da 'yan kai, wanda bai san kome ba sai littattafai, ya shirya mutane a kan ganuwa da majajjawa da na'urorin jifa. Siguros ya yi iyakar ƙoƙarinsa, dutsen ya gagare shi. Ya huce fushinsa a kan gidajen da ke ƙasa, ya sa musu wuta, ya kore dabbobi, ya wuce zuwa Tibis. Rayukan da ke kan dutse suka tsira.

Mayaƙan Gicciye

A cikin wannan shekara wata babbar masifa ta auko wa dukan daular. Turawan yamma, Faransawa da mutanen Fenis ta Italiya, sun ɗaura yaƙi da alamar gicciye a rigunansu, da niyyar zuwa Masar da Urushalima. Bashi da kwaɗayi da rikicin gadon sarautar Rum suka karkatar da su. A watan Afril 1204 suka ci Kustantiniya, birnin Kirista mafi girma a duniya a lokacin, suka yi kwana uku suna washe gidaje da majami'u. Tun 1054 akwai rabuwa tsakanin ekklesiyar Roma da ta gabas, amma abin da aka yi a 1204 shi ya sa rabuwar ta zama miki mai wuyar warkewa. Nikitas ya fita birnin da ƙafa, da iyalinsa, ya rasa gidansa da dukiyarsa.

Kafin shekara ta ƙare, wani shugabansu mai suna Bonifas na Montferrat ya gangaro ƙasar Helas da runduna. Siguros ya gudu ya shige kagarar Korinti, a can ya mutu bayan 'yan shekaru. Da Bonifas ya iso Atina, Mika'ilu ya duba, babu sarki a Kustantiniya, babu taimakon da zai zo daga ko'ina, gari kuma bai farfaɗo daga wutar Siguros ba. Ya ga tsayayya ba za ta haifi kome ba sai zubar da jinin jama'arsa, ya buɗe ƙofa. Aka ba wani Bafaranshe mai suna Otto de la Roche mulkin Atina. Sojoji suka washe majami'a, suka kwashi kayan sujada. Littattafan da Mika'ilu ya yi shekaru yana tarawa, waɗansu da hannunsa ya kwafe su, aka watsar da su, aka sayar a banza. A 1206 aka naɗa wani Bature mai suna Berar a kujerarsa. Bishop-bishop na Rum da suka yarda su yi mubaya'a ga Paparoma an bar su a wurarensu. Mika'ilu bai yarda ba, ya fita.

Zaman Tsibiri

Bayan ɗan yawo ya sauka a wani ƙaramin tsibiri mai suna Keya, ya zauna a gidan masu ibada na Yohanna Mai Baftisma. Tsibirin nan yana cikin yankin da ke ƙarƙashin babban bishop na Atina, nisansa kuwa daga gaɓar ƙasar Atina bai fi mil 12 ba. In gari ya yi sarari, ya kan hangi duwatsun ƙasarsa. Sarkin Rum da ya kafa sabuwar fada a Nikiya, Tiyodor Laskaris, ya kira shi ya zo, da ya je kuwa da ya sami girma da hutawa, ƙanensa ma yana can. Ya ba da hanzarin tsufa da rashin lafiya, ya zauna inda ya ke, shekara goma sha biyu.

Ba shi da majami'a, ba shi da albashi, amma bai daina aikin makiyayi ba. Wasiƙunsa da suka rage sun kai wajen 180, da yawa daga cikinsu a Keya ya rubuta su. Ya yi ta ƙarfafa masu bi da shugabannin gidajen ibada na ƙasar Atina, yana ba su shawara yadda za su zauna da sababbin masu mulki ba tare da sun saki bangaskiyarsu ba. Ya yi ta cigiyar littattafansa, in ya ji labarin wani a hannun wani, ya rubuta a maido masa. Samari su kan ƙetaro daga Atina su yi karatu a wurinsa. Ɗaya daga cikinsu, Jojiyos Bardanis, ya zama babban bishop na tsibirin Korfu. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya shiga Atina a ɓoye, amma bai iya daɗewa ba saboda tsoron masu mulki.

Wajen 1217 labari ya zo masa ƙanensa Nikitas ya rasu a Nikiya cikin talauci. Yaron da ya rena ya riga shi, ya rubuta masa makoki mai ban tausayi. A wajen wannan lokaci ya ƙaura zuwa wani gidan ibada a Budonitsa, kusa da mashigin Tarmofili, a can ya rasu wajen shekara ta 1222, yana da shekara fiye da 80.

Mutanen ƙasar Atina ba su manta da shi ba. 'Yan shekaru bayan mutuwarsa, Turawa suna kan mulki, aka zana surarsa a bangon ƙananan majami'u biyu na ƙauye, ɗaya a Kalibiya, ɗaya a bakin wani kogo a dutsen Penteli, aka jera shi tare da manyan malaman ekklesiya na dā. Jikokin waɗanda ba su fahimci wa'azinsa na fari ba, su ne suka yi wannan. Daga baya wani malamin Helas, Spiridon Lambros, ya tattara rubuce-rubucensa ya buga su a 1879 da 1880. Wani malami kuma, Vitalien Laurent na Faransa, ya tattara hatiman shugabannin ekklesiyar Rum cikin littattafai da suka fito a 1963 da 1965 da 1972. Akwai bishop-bishop da yawa waɗanda ba a san kome game da su ba sai abin da ke kan dalmarsu: suna, da gari, da roƙon taimako.

Abin Koyo Gare Mu

'Yan'uwa masu aikin Ubangiji, yawancin ekklesiyoyinmu na wannan kwari ƙanana ne. Akwai inda masu bi ba su fi gida biyar ba. In kogi ya cika a watan Agusta da Satumba, hanya ta kan yanke, wani ƙauye sai da kwalekwale, ambaliya kuma ta kan cinye shinkafa da gero har baiko ya gagara. Saurayin da ya fito makarantar Littafi Mai Tsarki da takardar shaida, aka aike shi irin wannan wuri, ya kan ji abin da Mika'ilu ya ji ran da ya sauka Atina. Zuciya ta kan ce masa iliminsa ya fi ƙarfin ƙauye, Kano ko Jos ne wurinsa. Labarin nan yana tambayarsa abu uku. Ko jama'a suna fahimtar wa'azinka, ko kuwa kana jera musu Turanci da manyan kalmomi domin a san ka yi karatu? In an zalunci matalauci a garinku, Kirista ko Musulmi, ko sa hannunka da hatimin ekklesiya sun taɓa fita dominsa? In wahala ta zo, a ina za a same ka? Ubangiji ya bambanta makiyayi da ɗan ƙodago cikin Yohanna sura 10, bambancin kuwa sai ran da kyarkeci ya zo a kan gan shi.

Ku kuma jama'a, ku riƙe masu yi muku hidima da kyau, ku yi haƙuri da sabon fasto har bakinsa ya saba da naku, kada yunwa ta kore shi daga cikinku.

Afisawa sura 1 ta koya mana cewa duk wanda ya ji bishara ya ba da gaskiya, an buga masa hatimi da Ruhu Mai Tsarki. 2 Timoti sura 2 kuma ta nuna rubutun hatimin Allah kashi biyu ne, kamar gaba da baya: Ubangiji ya san nasa, wanda ya kira sunansa kuma wajib ne ya rabu da mugunta. Ku karanta surorin nan biyu a taron addu'a na wannan wata, ku kuma tuna da masu bishara da ke ƙauyukan fadama, kuna ambaton kowane da sunansa da sunan garinsa a gaban Ubangiji.